Tsawar da Na Yi a Ɗakin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wannan yammacin ba, kuma ko na so in manta, akwai wani dattijo da yake zuwa Ƙofar Ran, unguwar surukina, wanda ya ci alwashin ba zai bar ni ba. Yammacin da na kai wa surukina sifikar nan mai jin magana nake nufi, wadda ake kiran sunanta a ba ta umarni ta yi.

Ni ɗan unguwar Gwallaga ne a Bauchi, kuma gidanmu gidan 'yan kasuwa ne, inda in ba ka ɗaga murya ba ko ruwan sha ba za a miƙo maka ba. Matata Dija kuwa Bafulatana ce. Mutanensu sun daɗe da zama cikin gari, amma kunyarsu tana nan yadda suka taho da ita daga ruga. Lokacin da nake neman aurenta labari ya zo min cewa mahaifinta, Baffa, bai ƙi ni ba, sai dai ya ce 'yan Gwallaga akwai baki. Tun daga nan na ɗora wa kaina horo. In zan shiga wajensa, takalmi tun daga nesa, durƙuso a bakin ƙofa, ido a ƙasa, murya kuwa can ƙasan maƙoshi, yadda ni kaina da ƙyar nake jin abin da nake faɗa. A haka aka ba ni Dija, a haka muka haifi Ummi, sannan namiji, har ta kai ana ba da misali da ni a dangin. Ba ni da kuɗi, ba ni da sarauta, kunyar nan ita ce duk jarina a gidan, kuma gaskiya ina alfahari da ita fiye da yadda ya kamata.

Baffa tsohon malamin dabbobi ne, ya yi ritaya da Turancinsa na mutanen da, mai tsafta. Sai idonsa ya fara rauni. Rubutun waya ya daina ganuwa, rediyo sai an kamo masa tasha, shi kuma mutum ne da ya gwammace ya zauna shiru da ya yi ta kiran mutane su yi masa abu. Dija ta damu ƙwarai. Sai na ce ai abu mai sauƙi ne, mu saya masa irin sifikar da muke da ita a falo. Daga inda yake zaune zai ce ta sa masa karatun Alƙur'ani, ko labarai, ko ta faɗa masa lokaci, ba tare da ya roƙi kowa ba.

A harkar sifikar nan kuwa ina ɗaukar kaina injiniya. Na san in ta yi gum, abu na farko a duba waifai, wato intanet ɗin gida. In an ɗauke wuta an dawo da ita, a ba ta lokaci ta farfaɗo. In fitilarta ta yi ja, wani ne ya danna maɓallin da ke toshe mata kunne. In tana kusa da talabijin ko fanka, hayaniya ce ta hana ta ji. In duk ya ƙi, a zare ta daga soket a mayar. (Har a ofis nakan yi wa mutane wannan lacca, ko ba su tambaya ba.)

Muka isa Ƙofar Ran a keke napep ana sallar la'asar, Baffa yana masallaci. Da gangan na zaɓi lokacin, don in yi aikina a tsaye kamar mutum. Soket ɗaya ne mai aiki a ɗakinsa, yana jikin bangon da yake jingina, sama da buzunsa, kusa da wata 'yar kanta da yake ajiye carbi da tabarau. Nan na ɗora ta. Na haɗa ta da waifai ɗin gidan, na sa ta a kan asusuna na waya kafin in buɗe masa nasa, na tsaya a tsakiyar ɗaki na kira sunanta da muryata ta Gwallaga na tambaye ta lokaci. Ta amsa tsaf. Dija ta ce, "Ka ga aiki." Ta shige cikin gida wajen Inna, mahaifiyarta, ni kuma na koma bakin ƙofa ina jira.

Baffa ya dawo tare da amininsa, Alhaji Buba, wani dillalin shanu daga wajen Zungur wanda bakinsa ba ya hutawa. Baffa ya zauna a kan buzunsa, sifika a saitin kansa. Alhaji Buba ya zauna gefensa. Na durƙusa na gaishe su, aka yi tambayar gida da yara, sannan Baffa ya ce, "An ce ka kawo mana baƙuwa. To, bismilla, mu ji."

A nan ne na fara ganin abin da ban yi tunaninsa ba. Sunan da masu ita suka raɗa mata sunan mace ne, irin na Turawa. Wato ni, a gaban surukina, zan buɗe baki in kira sunan wata mace. Na sunkuyar da kai, na kalli tabarma, na furta sunan a hankali, na roƙe ta da Turanci ta faɗa mana ƙarfe nawa.

Shiru.

Na sake, wannan karon har da ɗan gyaran murya. Nan ma ba ta kula ni ba.

"Wataƙila ba ta saba da gidan ba," in ji Alhaji Buba. "Ko saniya ce aka kawo sabon garke, sai ta ɗan kwana biyu kafin ta sake jiki ta ba da nono."

Na ce a'a, ƙila intanet ne. Na nemi izini na fita tsakar gida, na kashe waifai na kunna, na tsaya ina kallon fitilunsa har suka daidaita. Na dawo na durƙusa, na yi wa tabarma magana. Ba amsa. Na ce to hayaniyar fanka ce. Na miƙa hannu na kashe fanka, a zafin Bauchi, ɗaki mai taga ɗaya, dattawa biyu cikin manyan riguna. Alhaji Buba dai ya cire hula ya fara fifita da ita.

Saura in duba ko fitilarta ta yi ja. To amma duba fitilar yana nufin in ɗaga kai in ƙura ido saitin fuskar Baffa, abin da ban taɓa yi ba tun da nake. Sai na riƙa satar kallo ta gefen ido kamar mai ciwon wuya. Babu ja. Saura in zare ta in mayar, amma hakan sai na taka buzunsa na ranƙwafa ta saman kansa. In ce shi ya juya ya zare min kuwa, wato in aiki surukina, wannan ko a mafarki. Duk ilimin da nake taƙama da shi yana nan a kaina, abin da ke tsakanina da sifikar taku kaɗan ne, amma ba hanya.

"Ko aljanin cikin ne ya tafi salla?" Alhaji Buba ya tambaya.

Baffa ya ce, "Bar shi, Buba. Ya san aikinsa."

Wannan kalma ta fi zolayar yi min ciwo, don da gaske yake. Gumi ya jiƙa min riga. Sai dabara ta zo min, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in hankalinsa ya riga ya tafi. Na ce a raina ƙila tana amsawa, mu ne ba ma ji. Na ciro waya na ja ƙarar sifikar har ƙarshe. Na sake yi mata raɗa. Shiru. Na ce to bari in gwada ko ita kanta tana fitar da sauti, na danna alamar kunnawa a waya ba tare da na duba abin da ke kai ba.

Abin da ke kai shi ne abin da aka saurara ƙarshe a asusuna. Ina so in ce Dija ce ta saurara, amma ni ne, da safen ranar ina guga. Waƙar biki ce, irin mai gangar da ke shiga ƙirji, mawaƙin yana roƙon wata yarinya ta juyo ya ga tafiyarta. Ita ce ta fashe a saman kan Baffa da iyakar ƙarfin da sifikar take da shi.

Alhaji Buba ya zabura har hularsa ta faɗi daga hannunsa. Na danna tsayarwa a waya. Sai 'yar da'irar nan ta fito tana ta juyawa, wayar ta zaɓi wannan lokacin ta rabu da waifai. Na danna, na sake dannawa. Mawaƙin ya gama da tafiyar yarinya ya koma kan idanunta. Na kira sunan sifikar cikin ladabi na ce ta tsaya. Abin da bai ji ni ba a ɗaki shiru, ina zai ji ni cikin ganga? Na ɗan ƙara murya. Amshi ya shigo. Na ga Baffa ya ɗaga hannu yana shirin cewa wani abu, kuma a daidai nan ne ɗan Gwallagan da na daɗe da binnewa ya tashi.

Ban san na miƙe ba. Na tsinci kaina a tsaye a tsakiyar ɗaki, yatsa a miƙe saitin kanta, wato saitin goshin Baffa. Na ƙwala sunanta, na daka mata tsawa da Turanci ta tsaya. Ta ji. Nan take kiɗan ya yanke. Sai dai bakina bai samu labari da wuri ba, ya ci gaba da Hausa, cikin shirun da ya sauka a ɗakin:

"A yi mana shiru mana! Wane irin rashin hankali ne wannan!"

Muryar ta fita ta ƙofa ta zagaye tsakar gida. Na ji ƙarar faɗuwar murfin tukunya. Ga ni tsaye, ga yatsana, ga Baffa da bakinsa a ɗan buɗe da maganar da bai samu ya faɗa ba. Dija ta taho da gudu ta tsaya a bakin ƙofa, Inna a bayanta. Ba su ga sifika ba, ni suka gani da mahaifinta.

"Baban Ummi," Dija ta ce a hankali, "wa kake wa tsawa?"

Na sulale ƙasa. Na so in yi bayani, muryar ta koma inda ta saba ɓuya. A raina na gama lissafi: shi ke nan, an tabbatar, 'yan Gwallaga akwai baki.

Baffa ya kalli wajen da nake. Sannan ya ce, "Ashe kana da murya."

Na ce ya gafarce ni, ba da shi nake ba.

"Ka ga, ka koma raɗa," in ji shi. "Me ka ce?"

Dija ta maimaita masa.

"Na san ba da ni yake ba. Ai ita ma sifikar, baiwar Allah, ba ta da laifi, ba ta ji ka ba ne. Ni ma tun da ka auri yarinyar nan ban taɓa jin abin da kake faɗa ba. In na ga bakinka ya tsaya sai in sa albarka. Har asibiti na sa aka kai ni a duba kunnena, likita ya ce lafiyarsa ƙalau." Ya ci gaba da cewa, "Ranar da ka zo ka daɗe a bakin ƙofar nan kana magana, bayan an haifi namijin, sai da ka tafi na aika aka tambayo min Dija abin da ya kawo ka. Ita ta ce min sunana ka sa wa yaron."

Wannan ya fi tsawar kunyata ni. Maganar nan na daɗe ina shirya ta, na zaɓi kalmomi, na yi ta maimaitawa a hanya, na fita daga ɗakin ina jin na faɗi abin da ya fi komai kyau a rayuwata. Ashe tabarma na gaya wa.

Alhaji Buba ya ɗauki hularsa ya kaɗe. "To tunda an gano cutar, a kunna mana fanka, don Allah."

Na kunna. Baffa ya tambayi sunan baƙuwar, na faɗa masa yadda zai ji. Ko juyawa bai yi ba, ya kira ta da muryar mutumin da ya saba magana a tsakiyar garke, ya ce ta sa masa karatu. Ta sa. Na rage ƙarar daga waya, wadda ta ga dama ta dawo hayyacinta bayan an gama komai.

Sifikar tana nan a kan kanta, Baffa yana sarrafa ta fiye da ni. Alhaji Buba kuwa duk inda ya hango ni, ko a bakin masallaci ne, sai ya kama bakinsa da hannu ya ce, "Mun yi shiru, ranka ya daɗe." Na daina yi wa mutane lacca a ofis. In wani ya ce tasa ta ƙi amsawa, kafin waifai, kafin soket, nakan tambaye shi ko ya tabbata ya yi maganar da za a ji. Har yanzu a bakin ƙofa nake durƙusawa, ido a ƙasa. Amma da na koma gidan bayan abin ya lafa, na buɗe baki na sake gaya wa Baffa dalilin da ya sa na sa wa ɗana sunansa, kuma wannan karon bai jira bakina ya tsaya ba kafin ya amsa.