Babi na Tara, Wanda Aka Manne da Gam

Ranar Alhamis da ta wuce, da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, aka kashe mini lasifika ina tsakiyar magana. Na rubuta lokacin daidai, domin shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi a wannan makaranta, kuma na san abin da ba a rubuta ba, gobe sai a rantse bai faru ba.

An gayyace ni ne a matsayin dattijon unguwa, wato wanda ake zaunarwa a layin gaba don furfurarsa ta fito a hoto. Taron na murnar nasarar shirin wayar da kan ɗalibai ne game da cutar ƙanjamau, tare da sake ƙaddamar da shi. Na halarci ƙaddamarwar 1992, da ta 2001, da ta 2013, ga kuma ta bana. Allon da ke bakin ƙofar makarantar ma shi ne dai na farko, fenti kawai ake ƙara masa. Wanda ya sa farce ya kankare shi zai karanta tarihin shirin gaba ɗaya, kamar yadda masu tonon kufai ke yi.

Babban baƙonmu, Mai Girma Mai Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya makara da sa'a biyu kacal. Ya yanke ƙyalle, ya sanar da mu cewa ɗalibai sun ci kashi casa'in da takwas cikin ɗari a gwajin da aka yi musu. Aka tafa. Jikata, wadda nake tsokana da amaryata, ita ta zo ta ɗaya, ashirin bisa ashirin, aka ba ta riga da hula. Ni ma na tafa, amma hannuna da nauyi, kuma ga dalili.

Kwana biyu kafin taron, maƙwabciyarmu mai ɗinki ta shigo gidana, ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana gaisuwa, irin gaisuwar mai magana a baki. Da izininta nake faɗar abin da ya biyo baya, kuma na sauya abin da zai sa a gane su. 'Yarta, wadda 'yan ajinsu ke kira 'Yar Lissafi, an haife ta da ƙwayar cutar. Tana shan maganinta kullum, lafiyarta kuwa ta fi tawa nesa ba kusa ba. Wata rana kwalbar maganin ta faɗo daga jakarta, wata yarinya ta karanta rubutun da ke jikinta. Kashegari bencin da suke zama su uku ya zama nata ita kaɗai, aka kuma daina miƙa mata kofin randar aji. Kwana tara ke nan ba ta je makaranta ba, ta ce ta bar ta har abada, ga jarrabawar fita saura mako uku. Na tambayi su wa suka tashi daga bencin. Mai ɗinki ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, ɗayar dai ta gidan nan ce.”

Da yamma na kira amaryar tawa. Na tambaye ta ko ana ɗaukar cutar ta shan ruwa a kofi ɗaya. Ta ce amsar tambaya ta bakwai ke nan, kuma a'a ce. Zama a benci ɗaya fa? Tambaya ta goma sha biyu, ita ma a'a. Na ce to me ya tashe ta daga kusa da ƙawarta? Ta dube ni da tausayi, kamar tsufa ya fara taɓa ni.

“Kaka, ai wancan na jarrabawa ne. Wannan kuwa gaske ce.”

Na ce ta kawo littafin da aka koya musu. Babi na takwas yana magana a kan wanke hannu, babi na goma a kan dasa itatuwa. Babi na tara, shafi goma sha huɗu cif, an shafa wa gefensa gam an manne shi ya zama kamar katako. Amsoshin gwajin kuwa a wata takarda dabam aka raba musu, suka haddace kamar jadawalin sau.

Saboda haka da aka miƙo mini lasifika in sa albarka, sai na yaba wa hukuma bisa hikimar da ba a taɓa yin irinta ba tun da aka fara ɗab'in littafi: ta buga ilimi, ta raba shi kyauta, sannan ta kiyaye yara daga karanta shi. Na roƙi a nuna mana gwanin da ya yi aikin gam, a ba shi tasa rigar. A nan ne wuta ta ɗauke daga lasifikata kaɗai, ta bar fankar da ke kan Mai Girma tana juyawa.

Bayan an watse, shugaban makarantar ya ja ni gefe. Ɗalibina ne a da, yaron kirki, ko da yake bai taɓa riƙe shekarar komai ba. Ya ce in yi haƙuri, Malam, umarni ne daga wani kwamiti, don kada iyaye su ce ana buɗe wa yara ido. Malamar da aka horar a kan darasin an yi mata canjin wurin aiki wata biyu bayan horon. Darasin yana nan a jadawali, shi ne na ƙarshe ranar Laraba, kuma da yake ba mai koyarwa, ana sharar fili a lokacinsa. Na shaida filin tsaf yake. Idan tsintsiya na maganin cutar nan, to makarantarmu ta gama da ita.

Na leƙa ajin. A saman bencin 'Yar Lissafi akwai hoton shirin, ƙwarangwal riƙe da lauje. Ni da hannuna na kafa irinsa a 1992, kuma a lokacin ba ƙarya ya yi ba ƙwarai. Amma a riƙa duba kalanda. An fara ba da rahoton cutar a 1981, aka gano ƙwayarta a 1983, haɗin magungunan da ya mayar da ita abin da ake rayuwa da shi har tsufa ya zo a 1996. Kusan shekara talatin ke nan, labarin bai iso bangon ajin ba. A ƙarƙashin wannan hoton yarinyar ta yi shekara uku tana zuwa ta ɗaya a lissafi.

Ranar Asabar na shimfiɗa tabarma a inuwar gidana, na kira amaryata da mai ɗinki da 'yarta. Mai ɗinki ta ɓare sabuwar reza ta tsaga gefen shafukan ɗaya bayan ɗaya, ba ta ci ko harafi ba. Babin kuwa, in faɗi gaskiya, an rubuta shi da kyau. Ya faɗi hanyoyin kamuwa ba kumbiya-kumbiya: saduwa ba kariya, jini, allura ko reza da wani ya yi amfani da ita, da kuma daga uwa zuwa jariri idan ba a sha magani ba. Ya faɗi inda ake gwaji, da yadda yarinya za ta ce a'a ga wanda ya girme ta. Ni ma na yi gyaran murya sau da yawa a shafi na shida, amma ban ga wanda ya mutu don kunya ba.

Amaryata ce ke karantawa. Da ta kai ƙarshe sai ta tashi ta ɗebo ruwa a kofina, ta miƙa wa ƙawarta. Da yarinyar ta sha, sai ta karɓa ta shanye ragowar. 'Yar Lissafi ta ce mata, “Saura ki biya ni aikin gidan da na yi ta yi miki tun aji ɗaya.”

Ranar Litinin tare suka tafi. Bencin yanzu mutum biyu ne. Ta ukun tana jiran ta ga ko jikata za ta kwanta ciwo, jikar tawa kuwa sai ƙara cin abinci take yi, uwarta na shaida.

Jiya aka kawo mini takarda mai hatimi, ana sanar da ni cewa jikata ta lalata littafin hukuma ta hanyar buɗe shi, kuma ana so in je in yi bayani. Zan je, amma takardar na riga na kai a sa mata gilashi. Tun 1992 nake neman hujja a rubuce cewa wani ɗalibi ya karanta darasin nan, sai yanzu hukuma ta ba ni, har da sa hannu.