Rasuwar Siririya, allurar maɓallai

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Lauratu 'yar Mai Nasara, mai ɗinkin maɓalli a bakin tashar Tasawa, nake sanar da jama'a rasuwar allurata Siririya, wadda ajali ya riske ta ranar Laraba tana bakin aiki.

Marigayiyar ba ta da hayaniya. Iyakar maganarta "tsuf" in ta huda kaki, sai zare ya bi ta a baya. Rigar sanyi ta gwanjo komai kaurinta ba ta taɓa gagarar ta ba, kuma maɓallin da ta ɗaura, da tsinken ashana a ƙarƙashi don ya samu wuya, sai dai riga ta mutu ta bar shi. Tun da ruwan sama ya ɗauke, aikinta ya koma guda: matsar da maɓallai ciki. Malaman lakwal, wato makarantar boko, da direbobi duk sun rame, riguna sun yi musu yawa, ita ke rufa musu asiri, ni kuma da ladan nake auno geron kunun yara.

Ciwon ajalinta ya zo ne a jikin rigar Saje Gazali, mutum ɗaya tak a garin nan da ya nemi a matsar masa da maɓalli waje. Inda ya samo tumbin a wannan shekara ban tambaya ba, kada allura ta tono garma. Ya ce in ruɓanya zare, in ɗaure shi tamau, kuma in rigar ba ta kammala kafin faretin Asabar ba, in nemi wata inuwar in zauna. Siririya ta gama na ƙirji lafiya. A na cibiya ta lanƙwashe, na miƙe ta da haƙori, ta sake shiga, sai na ji "ƙas". Wallahi na yi kuka, kuma rabin kukan na tsoron Saje ne.

Ta bar hular yatsa, da almakashi mai haƙori ɗaya, da marayun maɓallai cike da gwangwani, da yayarta basilla da ke aure a Gidan Amumune wajen masu ɗinkin buhu.

Za a yi jana'iza gobe bayan la'asar, a kwalin ashana, bayan danga, a rami mai zurfi saboda ƙafafun yara. Ba gumba, kowa ya san halin da ake ciki. Mai zuwa gaisuwa ya taho da allura ko ta aro ce, don a kantunan garin babu. In ba a samu ba, iyalan mamaciya na roƙon Saje Gazali, don girman Allah, ya riƙe numfashinsa ranar Asabar har a sauke tuta.