Kifina Ya Gaza da Yatsa Biyu

Jama'a, ku taya ni ji. Jiya Asabar aka kama ni da laifin ƙarar da kifin Bahar Maliya. Ni ɗin nan, da fatsa ɗaya da tsohon bokitin fenti!

Innata, Hajiya Lailatu, ita ce mafarin zancen. Tun da aka rushe unguwarmu ta Karantina muka dawo unguwar Sa'alaba ba ta da cikakkiyar lafiya, kwana huɗun nan kuwa zazzaɓi ya hana ta cin komai. Ran Juma'a sai ta ce ba abin da take marmari sai romon sha'ur, irin kifin da marigayi Babanmu yake kamo mata da hannunsa, ba na ƙanƙara ba. Tsohuwar da ta ƙi shinkafa ta ƙi kunu ta buɗe baki ta nemi abu, ai ba a tsayawa shawara. Ina idar da sallar asuba na buga wa maƙwabcina Abdulghaffar ƙofa, muka nufi gaɓar kudu a ƙwaraɓaɓɓiyar motarsa.

Wari ne ya fara yi mana maraba. Gaɓa ta yi fari fat da matattun ƙananan kifaye iya ganinka, har da kunkurun ruwa guda a kife. Can nesa ga manyan jiragen kamun jatan lande suna ta sha'aninsu. Abdulghaffar ya taɓa aiki a irinsu, ya toshe hanci ya ce, "Ya akhi, tarun nan ƙasan teku yake sharewa kaf. A tsince jatan lande, sauran a kwashe da shebur a watsa ruwa. Halas, shi ke nan."

Muka hau duwatsu, na jefa fatsa. Awa biyu rana tana gasa mini ƙeya, sannan Allah ya ba ni sha'ur ɗaya, yana ta fizge-fizge. Har na fara jin ƙamshin romo sai ga wata farar mota ta tsaya. Mai Girma Sarkin Awo, jami'in sa ido kan masunta, ya fito, tufa fari tas, da rula a hannu.

Ya shimfiɗa kifina a kan murfin motarsa ya auna, ya sake aunawa, ya girgiza kai. "Bai kai ƙa'ida ba, ya gaza da yatsa biyu. Irinku ne kuke ƙarar da arzikin teku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to waɗancan fa?" Na nuna masa gaɓa.

"Waɗancan matattu ne. Ni aikina na masu rai ne."

"Jiragen da suka kashe su fa?"

"Suna can cikin zurfi. Hurumina ya tsaya inda ruwa ya kai gwiwa."

Kai, Allah ya ƙara wa wannan bawan Allah sanin makamar aiki! Na ce to in mai da kifin ruwa ya ƙarasa girma. Ya ce a'a, shaida ce. Aka karɓi iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, aka tambayi sunan kafilin da ya tsaya mini, da na kakana, aka cike takarda uku. Aka kira mai hoto daga gari, ya zo ya ɗauki Mai Girma riƙe da kifin, da murmushi, da kuma ba murmushi. Kafin a gama, ɗan talikin kifin nan ya bushe baki ya cika a kan ƙarfe mai zafi.

Mai Girma ya taɓa shi da rula. "Ya mutu? To ya fita daga hannuna. Yalla, tafi."

Wallahi daɗi ya kama ni. Na sure kifina zan jefa a bokiti, sai na ji an dafa kafaɗata. Ashe Sarkin Shara ne da tawagarsa, wai kwamiti zai zo da azahar duba dalilin mutuwar kifi, dole a tarar da wuri tsaf. Ya ce duk mataccen kifi a gaɓar nan na motar shara ne. Na ce, "Yallaɓai, uwata ce ba lafiya, kwananta huɗu ba ci." Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya," har da ɗaga hannu sama, sannan ya wurga shi cikin 'yan uwansa. Na sake jefa fatsa har la'asar, ko motsi. Kwamitin kuwa a gabanmu suka zo, suka ga rairayi tas, suka yaba, suka wuce cin abinci.

A kan hanyar gida na tsaya a kantin unguwa na sayi kifin gwangwani. Maiɗakina Zakiya ta yi iya ƙoƙarinta da citta da lemon tsami. Inna ta kai cokali ɗaya baki, ta ajiye, ta juya ga bango ta ce, "Babanku bai taɓa dawo mini da gwangwani ba." Maganar nan ta yi mini ciwo, har yanzu tana nan a ƙirjina.

Don haushi na ari rular makarantar 'yata Joud na auna waɗanda suka rage a gwangwanin. Babbansu bai kai rabin nawa ba. Amma kada ku ga laifin Mai Girma, su sun shigo gari da takarda manne a jikinsu.