Rasuwar Sannu-Sannu, Motar da Aka Hana Ta Tunani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɓacin ran da ya fi baƙin cikin yawa, ni tsohon direban tirela, mai gida mai jan ƙofa a ƙarshen layi, nake sanar da 'yan'uwa, da abokan sitiyari, da duk wanda ya taɓa ɗaga mini hannu na tsaya na rage masa hanya, rasuwar motata Sannu-Sannu. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a gindin turken lantarkin da ke kallon ƙofar gidana, tana da shekara goma sha huɗu a duniya, tara daga ciki a hannuna. Ba ta yi jinya ba. Kashe ta aka yi. Tunda kuma mutanen gidana sun zaɓi su ce tsufana ne ya kashe ta, dole wannan sanarwa ta yi tsawo, mai karatu ya yi haƙuri.

Ajalinta ya soma ne mako guda kafin nan, a rumfar wani rewaya, mai gyaran wayoyin mota, inda mutum biyu suka tafa. Ɗaya rewayan ne, mai sa tabarau a goshi maimakon ido. Ɗayan babban ɗana ne, wanda muke kira Injiniya saboda yana danna kwamfuta a ofis, ko da yake ko taya bai taɓa canzawa da hannunsa ba. Motarsa tana wurin fenti, ya ari tawa. Ba na wurin, amma mai facin tayar da ke maƙwabtaka da rumfar ya ji komai ya faɗa mini daga baya, shi kuwa mai faci iska kawai yake ƙarawa, ba ya ƙara gishiri.

"Motar tsohonmu ce," in ji ɗana. "Ka taka ta a danja, sai ta gama shawara da kakanninta kafin ta motsa. Jiya har mai keke sai da ya kaɗa mini ƙararrawa."

"Yallaɓai, ai ba laifinta ba ne," in ji rewaya. "Motocin yanzu ba su da wayar totur. Ƙafarka saƙo take aika wa ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ƙwaƙwalwa sai ta ga dama. Ga maganin nan. Minti goma, ba yanka, ba ɗinki. Lamba ɗaya zuwa tara, a nawa zan sa maka?"

"Tara mana. Akwai goma?"

"Tsohon fa?"

"Zan cire kafin in mayar masa. Ko ban cire ba ma, gode mini zai yi."

Bai cire ba, bai kuma faɗa mini ba. Ya ajiye mini makulli a kan tebur ranar Litinin da yamma, ya ce ya cika mini tanki, har na sa masa albarka.

Marigayiyar mota ce mai natsuwa. Ba ta shan mai kamar wadda aka yi wa gori, ba ta taɓa zubar da ko ɗigon baƙin mai a ƙofar wani ba. Ƙofarta in ta rufu sai ka ji "ɗif", kamar an rufe littafi. Ta kai jikoki makaranta, ta ɗauko amare, ta kai marasa lafiyan layinmu asibiti ba adadi, ba ta taɓa mutuwa a hanya ta ba ni kunya ba. Amma babban halinta, wanda saboda shi na raɗa mata suna, shi ne ba ta amsa kira da garaje. Ka taka totur, sai ta ce "hmmm", ta ɗan yi shiru kamar dattijuwar da aka kawo wa magana, sannan ta ce "vuum", ta tashi. Shirun bai kai numfashi ɗaya ba. Yaran zamani suna kiran wannan cuta. Ni a wurina tarbiyya ce.

Ga dalili. Ban yi boko mai nisa ba, amma na yi shekara arba'in da ɗaya ina jan ƙarfe, ban taɓa taka ko kazar mutum ba. Ƙafar da ta saba da tirela mai ɗauke da kaya har wuya ba ta iya shafa totur ba, takawa ta sani. Duk tsohon direban babbar mota ya san abin da nake nufi, ƙafarmu ta dama ta fi ta hagu nauyi har mu shiga kabari. Sannu-Sannu ta gane haka tun makonmu na farko. In na taka da yawa, sai ta tace, ta ɗauki abin da ya dace ta bar sauran. Ta san abin da nake nufi ko da ƙafata ta faɗi wani abu daban. Matar aure ma sai ta shekara ashirin kafin ta kai nan.

Gidanmu yana ƙasa da titi tun da aka ɗaga kwalta, don haka akwai ɗan hawa daga gareji zuwa bakin hanya, katanga kuma tana tare ido. Shekara tara ga yadda muke fita, ni da ita: in kawo hancinta bakin ƙofa, in riƙe birki, in dubi dama. In ɗauke ƙafa daga birki in taka totur sosai don kada ta zame baya. A cikin wannan "hmmm" ɗin nata in dubi hagu. In akwai mai tahowa, ina da lokacin komawa birki. In babu, ta ce "vuum", mu hau titi. A cikin shirunta nake kallon hagu. Wannan shirun shi ɗana ya biya aka cire.

Ranar Talata mai ɗakina tana gefena, za mu je a duba mata gwiwa. Na dubi dama. Na taka yadda na saba takawa sau dubu uku da wani abu. Na juya kai hagu, kafin idona ya isa can mun riga mun tsallake titi. Ba ta ce "hmmm" ba. Wani ihu ta yi wanda ban taɓa ji a bakinta ba, kamar an ɗana mata wuta a gindi. Ta tsallake kwata, ƙafarta ta gaba ta karye, ta rungumi turken siminti. Balan-balan ɗin sitiyari ya mare ni, na gefe ya fasa wa tsohuwata tabarau ya gurɗe mata hannu. Lagireto ya fashe. Abu na ƙarshe da na ji daga gare ta shi ne "tsssss", sai ɗigar ruwa a kan siminti, tal, tal, tal, har ta yi shiru. Allah ya tsare babu kowa a hanya. Da mai tallan burodin da ke wucewa a wannan lokacin bai tsaya canji ba, da wata sanarwar ake rubutawa yau, kuma ba ta mota ba.

Da yamma 'ya'yana suka taru a falo. Autata, ma'aikaciyar jinya ce, ta durƙusa a gabana ta riƙe mini hannu kamar mai shirin yi mini allura.

"Baba, don Allah ka ba ni lasin ɗinka in ajiye maka. Ƙafa ce, ta rikice maka, ka taka totur a madadin birki. Kullum muna ganin irin haka a asibiti. Ba abin kunya ba ne."

"Ke, ina tuƙi tun uwarki ba ta san za ta haife ki ba."

"Shi ya sa, Baba. Ya isa haka."

Na dubi uwarsu ko za ta tare mini. Ta dubi hannunta da ke cikin bandeji ta ce, "Malam, ka ba ta." Wannan ya fi marin balan-balan zafi. Na dubi Injiniya. Yana zaune a kujerar kusa da ƙofa, kansa a cikin waya, yana shafa ta da ɗan yatsa kamar yana neman wani abu da ya ɓata. Ko kai bai ɗago ba. Na ciro lasin na miƙa. Kwana uku ina zaune a tsakar gida ina kallon ƙafata ta dama kamar ɓarawon da na kama a ɗakina, har na fara yarda ita ce.

A rana ta huɗu na je garejin bakanikena, inda aka kwantar da gawar, in kwaso kayanta. Na durƙusa ina laluben gilashin tabaron tsohuwata a ƙarƙashin sitiyari, sai hannuna ya taɓo wata waya da ban sani ba. Shekara tara ina share wurin nan da kaina, na san kowace waya kamar jijiyar hannuna. Na bi ta, sai ga wani ɗan akwati baƙi, bai fi na ashana ba, an manne shi a ɓoye da salatif. Bakanike ya karɓa ya jujjuya, ya yi salati.

"Oga, wa ya sa maka wannan?"

"Mene ne shi?"

"Annamimi ne. Tsakanin ƙafarka da ƙwaƙwalwar mota yake zama. Ko ƙarfin doki ɗaya ba ya ƙara wa inji. Ka taka kaɗan, ya ruga ya ce ka taka rabi. Ka taka rabi, ya ce mata tsoho ya ce a tashi sama." Ya jona shi da batir, lamba ta kawo ja. "Tara! Da irin ƙafarka? Ai Allah ne ya yi da sauran kwananku."

Na san irin wannan ɗan akwatin tun kafin a ƙera shi. Kowace tasha akwai shi, kowane gida akwai shi, sai dai da ƙafa biyu yake yawo. Ka faɗi magana guda ya kai goma, a bar ka da gyaran gaba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Mai son motarsa ta yi tsalle kamar fara, motarsa ce, ƙafarsa ce, wuyansa ne, ya sa lamba ɗari ma. Abin da ban yafe ba shi ne a shiga tsakanin mutum da abin da ya saba da shi ba a gaya masa ba. Abin da ya fi wannan kuma, a zauna a falo a ga ana karɓe wa uba lasin, a ga uwa tana kallon mijinta kamar wanda ya so kashe ta, a yi shiru ana shafa waya. Karo tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Shirun nan kuwa da gangan aka yi shi.

Marigayiyar ta rasu ta bar ni, mijin sitiyarinta. Ta bar tsohuwata, wadda yanzu take tsayuwa a bakin titi da ciwon gwiwa tana jiran motar haya. Ta bar jikoki shida da ba su san hanyar makaranta da ƙafa ba, da safayar taya sabuwa ful da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jek, da tsumman goge gilashi, da tabon tayoyi huɗu a simintin gareji wanda na hana a wanke.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, daga garejin bakanike zuwa filin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan gari, inda za a raba gadonta kafin ta huce. Ba a buƙatar kuka. Duk wanda ya zo ya ce mini "sai haƙuri, girma ne ya zo," ya koma da ta'aziyyarsa, ban karɓa ba. Rewaya kada ya zo. In ya zo, akwai jek.

Mai janwen da zai ja ta tsohon abokin hanyata ne, mun kuma yi magana da shi mun gama: ni zan tuƙa janwen. Don haka ina sanar da autata ta zo da lasin ɗina a jakarta. Kafin a ɗaura sarƙa, zan ɗora ɗan akwatin nan a kan abin da ya rage na bonet, a gaban uwarsu, a gaban mai faci da bakanike. Ba zan kira sunan kowa ba. Zan tambaya sau ɗaya, wa ya san wannan, sannan in yi shiru irin na marigayiya, numfashi ɗaya. Wanda ya san shi ya yi magana a cikin wannan shirun, in ya so ya hau gaban janwe kusa da ni mu kai ta tare, ya ga yadda ake fita daga ƙofa. In ya bari shirun ya wuce, mai faci ya ce shi ma yana da baki.

Masu son sanin wa ya ci wa ya faɗi, ga shi. Rewaya ya ci, don tun da labari ya bazu cewa motar tsoho ta tsallake kwata da tsalle ɗaya, mutum uku a layinmu sun je an sa musu irin akwatin, ɗaya ma ya ce a sa masa "irin lambar Baba". Masu tsohon ƙarfe sun ci. Masu motar haya sun sami sabuwar fasinja mai ciwon gwiwa. Tsohuwata ta faɗi, jikoki sun faɗi, ni na rasa motar da ta fi wasu 'ya'yan sanin halina. Sunana na shekara arba'in da ɗaya kuwa ban yarda ya shiga cikin asarar ba. Ranar Asabar zan karɓe shi a hannun wanda ya ara, kamar yadda ya ari motar.