Ranar da Na Je Kalgo Aron Asid ɗinmu

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata da na ƙona mai tun daga Gwandu har Kalgo, ina neman abin da ke cikin kabad ɗinmu.

Shekara goma sha ɗaya ina shara da wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare a Gwandu. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da na fara haɗa baƙi ban bar kowa ya huta ba. Allon kanti, bayan mota, buhun taki, duk sai na karanta da ƙarfi. Malama Hadiza, mai koyar da kimiyyar sinadarai, ta ce idan har ina iya karanta rubutun jikin kwalabe, za ta yi wa shugaban makaranta magana a ba ni makullin kabad, in zama mataimakinta, in ajiye tsintsiya. Makullin nan har mafarkinsa nake yi.

Ran nan za ta taro Birnin Kebbi, washegari kuma ɗalibai na da gwaji. Ta ara mini makullin, ta bar mini takarda: in fito da asid mai 100 mmol/L in zuba a ƙananan kwalabe. Na karanta tsaf. Ɗari dai na san shi.

Na buɗe kabad, babu ɗari. Akwai wata babbar jarka an rubuta mata 0.1 mol/L. Na ce wannan ko ɗaya ba ta kai ba, ina ita ina ɗari? (Ƙananan haruffan da ke bin lamba, a lokacin na ɗauka ado ne irin na masu boko.) Na fito da komai, na mayar, na sake fitowa da shi. Na zauna, na tashi. Na ɗauko waya zan kira Malama, sai na tuna makulli, na mayar da ita aljihu. Mutumin da ke son zama mataimaki ai ba ya kira tun a takardar farko.

Sai Bello ya faɗo mini a rai, ƙanin matata, wanda ke kula da irin wannan ɗaki a wata makaranta a Kalgo. Na hau babur ban ko karya ba. A Dalijan aka ɗaga mini hannu a gaisa, na wuce kamar mai kai mara lafiya asibiti.

Na iske Bello da ɗalibai cike da ɗaki. Na miƙa masa takardar, ya duba, ya shiga ciki ya fito da galan. A jikinsa: 0.1 mol/L.

Nan fa na ɗaga murya. Na ce masa yanzu ba da ba ce, na iya karatu, kada ya sallame ni da ragowa don yana ganina da tsintsiya. Ɗari na zo nema, ɗari zan koma da shi.

Bello ya ɗauki alli a hankali. Ya tambaye ni, in na sayi rabin kilo na nama, wani ya sayi giram ɗari biyar, wa ya fi wani? Na ce ai duk ɗaya ne. Ya ce to haka mol yake da milimol: mol ɗaya milimol dubu ne, kashi ɗaya cikin goma na dubu kuwa ɗari ne. Ƙaramin "m" ɗin nan da ke gaba, wanda na tsallake, shi ne ke cewa an raba dubu.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya juyo mini da galan ɗin.

"Yaya, duba da kyau, tunda ka iya karatu. Wanga rubutun hannun wa ne?"

Na Malama Hadiza ne. Zangon karatun da ya wuce Bello ya zo aro wurinmu, kuma ni da hannuna na riƙe mazurari aka tsiyaya masa daga waccan babbar jarkar.

Ɗaliban suka fashe da dariya. Na yi ta neman inda zan sa hulata, na rasa.

Na dawo bayan la'asar hannu wofi, na cika kwalabe daga jarkar da na raina da safe. Ban yi niyyar faɗa wa Malama ba, amma Bello ya riga ni ta waya. Da safe ta miƙo hannu, na ɗora mata makullin. Ta ce karatuna ya yi, saura in koyi tambaya. Mu sake gwadawa zango mai zuwa.

Na koma ga tsintsiyata wata uku cur kafin makullin ya dawo aljihuna. Yanzu ko katin ɗaurin aure aka ba ni, sai na karanta shi har ƙaramin harafi na ƙarshe. Idan kuma abu ya shige mini duhu, waya nake ɗauka tukuna, babur ya jira.