Kafireta Da Hular Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren yayan budurwata Hajara a Maradun ba, ko da kuwa zan manta da sunana. Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, ina tuƙa tankar ruwa a wurin aikin, kaina kuma yana hayaƙi saboda na sayi tsohuwar akori-kura tawa ta kaina.

Ni da abokina Bitrus, wani makanike da aikin dam ya kawo Talata Mafara, muka yi wa injin garambawul. Sai muka ga kafiretarta ta yi mana ƙanƙanta. A cikin tarkacen motocin kamfani muka tsinto wata ƙatuwa mai baki biyu, wadda in ka leƙa maƙogwaronta sai ka ce rijiya. Bitrus ya ce, "Wallahi in muka ɗora wannan, ko motar Bature ba za ta ga ƙurarka ba." (Mahaukaci ya haɗu da mai zuga shi, ai sai abin da Allah ya yi.)

Ramukan noti ba su dace ba, muka je wurin masu zubin tukwane suka zuba mana faranti muka sa a tsakani. Matatar iska ta hana bonet rufuwa, muka jefar da ita. Wayar totur ta gaza, muka sa wayar birkin keke. Sifirin da ke mayar da totur baya kuwa, robar tayar keke muka yanko muka ɗaura a madadinsa. Muka gwada a hanyar Bakura, mota ta tashi kamar an tsikari doki. Ranar har rawa muka yi a bakin titi.

To, ina neman auren Hajara, kuma maganar tana hannun waliyyinta, Kawu Alu na Bakura. Dattijon ya riga ya faɗa wa kowa cewa shi bai ga direba mai natsuwa ba tun da yake. Shi ya sa da bikin ya zo na roƙa a bar ni in ɗauko shi. Na sha farar shadda, na kafa sabuwar hula, na riƙa tafiya kamar na ɗauko ƙwai. Har Kawu ya fara sakin fuska, ya gutsuro goro ya miƙo mini.

Mun iso ƙofar gidan, jama'a maƙil a kan tabarmi, liman ya ɗaga hannu ke nan. Na tsaya lafiya lau, na cire giya na sa motar a firi. Da na kashe a nan, da shi ke nan. Amma sai shaiɗan ya raɗa mini, ɗan taɓa totur sau ɗaya mana, su san an iso.

Ashe zafin inji ya gama cinye robar nan. Ina takawa ta tsinke, totur ya maƙale a buɗe. Jama'a, ƙarar da motar nan ta yi! Awaki suka tsinke igiya, maroƙi ya haɗiye kirarinsa, masu Fatiha suka watse kowa da takalmi a hannu. Na murɗa makulli, sai ya zaro ya biyo hannuna, injin bai ma san an yi ba.

Na diro na ɗaga bonet. Abu ɗaya na tuna: in ka toshe bakin kafireta, inji zai mutu. Kawu, bawan Allah, ya zagayo ya sunkuyo yana leƙe, yana cewa, "Mi as same ta?" Ni dai ban san lokacin da hannuna ya kai kansa ba. Na fizge hular dattijo na cusa a bakin kafireta.

Inji ya yi tari ya mutu. Ga sanƙon Kawu yana ƙyalli a rana, ga mata sun leƙo ta katanga, har da Hajara. Na zaro hular, ta yi baƙi ƙirin tana ɗigar fetur, na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya dubi hular, ya dubi kaina, ya ce, "Wanga yaro, taka hullar da ka bari bisa kai, gadonta ka yi?"

Na shafa kai. Wallahi tana nan daram! Liman ne ya fara fashewa da dariya, sai wurin ya ɗauka, har shi Kawun yana share hawaye da hannun riga. Da ya sarara ya ce, "Natsuwa kam babu ta, amma bai gudu ya bar ni ba. A ba shi ɗiyar. Sai dai ba cikin motag ga za a kai ta ba."

Haka aka yi, a motar haya aka kawo mini amarya. Abin da na koya kuwa shi ne, in ka isa inda za ka lafiya, kashe motarka ka fito. Jama'a suna da idanu, sun ga ka iso.