Rasuwar Hajja Zarga Mai Taya Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta rasa inda za ta sauke shi, Muzammil Osman mai gyaran rediyo na Hillat Ɗanlami, kusa da Suki, yana sanar da 'yan uwa, abokan arziki da duk wanda ya taɓa kauce masa a hanya, rasuwar babur ɗinsa mai taya uku, wato Hajja Zarga. Ta cika ranar Talata bayan la'asar a bakin babbar hanyar ruwan gonaki, tana da shekara bakwai a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a ƙasar waje, waɗanda ita kaɗai ta san adadinsu.

Marigayiya ta yi ƙuruciyarta a titunan Jidda, inda Ayman, ƙanen Muzammil, ya same ta ya ɗoro ta a jirgin ruwa. Daga nan ta samo sunan Hajja, don ta fi mai ita kusantar Makka. Zarga kuwa launinta ne, shuɗi mai duhu. Tayoyi biyu gare ta a gaba, ɗaya a baya. Ba ta da giyar ƙafa, birkinta a hannu yake, kuma tana da wani maɓalli wanda in an danna sai ta tsaya cak ba tare da an sa ƙafa a ƙasa ba. Ga wasu wannan ado ne, ga Muzammil kuwa shi ne komai. Cutar shan inna ta kama shi yana ɗan shekara huɗu, ta bar masa ƙafafu kamar sillen kara. Shekara talatin yana rarrafe da silifa a hannu. In tafiya ta yi nisa, sai an sami maza biyu sun ɗauke shi sun aza kan karo, amalanken jaki. Kullum yana gode musu, kuma kullum abin yana ci masa rai. Tun ranar da Hajja ta shigo gidan, ba wanda ya ƙara ɗaukar Muzammil.

Mai haƙuri ce, Allah ya sani. Da safe takan yi tari sau biyu, kirr, kirr, sannan ta ce ɓuuu, kajin unguwa su watse. Hon ɗinta fiit yake cewa, kamar ɗan akuya mai mura, amma ya ishi jama'a su buɗe hanya. Ita ta kai matarsa Hanaa asibitin Suki da naƙuda, ita ta dawo da ita da jaririya Salwa. Ta kai shi Juma'a, ta kai shi kasuwa, ta kai shi biki da gaisuwar mutuwa, ba ta taɓa tambayarsa me zai je yi ba, ba ta kuma taɓa sa shi ya ce na gode ba. Aibinta biyu ne, kuma ba za a ɓoye ba. Tana shan mai kamar ba ta san halin da ƙasa ke ciki ba, sannan ba ta iya komawa da baya, sai dai a zagayo.

Ciwon ajali ya fara mata daga ƙafar baya. Tayar ta suɗe har zare ya fito. An nemi irinta a Suki, an aika Sinnar, an aika Madani da Damazin, babu, don tun da hanyoyi suka rikice irin wannan taya ta daina shigowa. Sai Mujtaba mai faci, da ke bakin tashar Suki, ya ce akwai dabara. Ƙarfen ƙafarta inci goma sha huɗu ne, daidai da na ƙananan motoci, saboda haka tayar mota za ta hau. Ya fito da guda biyu ya jingina. Ɗaya siririya ce, mai faci ɗaya a gefe, wadda in an sa za ta bar gurbin yatsa uku tsakaninta da ƙarfen da ke riƙe ta. Ɗayar kuma faffaɗa ce, baƙa wuluk, haƙoranta duk suna nan, amma yatsa ɗaya tak take bari.

Mujtaba ya fita hakkinsa, kuma ana so a rubuta haka. Ya dafa siririyar tayar ya ce, "Ya Muzammil, wanga lastik ya fi maka. Bai da kyau, lakin ya bar wuri. Tuna da kharif."

Kharif dai damina ce, kuma duk faɗin Suki ba mai buƙatar a tuna masa da ita kamar yadda Muzammil ba ya buƙata. Baƙar lakar nan tamu da ke manne wa takalmi har mutum ya ƙara tsawo, ya san ta fiye da kowane manomi, don da tafin hannu ya taka ta shekara talatin. Ya san yatsa ɗaya ba gurbi ba ne. Amma ya daɗe yana kallon siririyar tayar nan, ya kalli ƙafafunsa da ke naɗe a kan mataki, zuciyarsa ta ƙi.

"Khalas, ya Mujtaba," in ji shi. "Siraran ƙahwahu sun ishe mu a gida. Aza mata babban."

Aka shafa ruwan sabulu, aka yi ta dura iska har tayar ta ce fau, ta zauna. Wata huɗu Hajja ta yi tana taƙama da sabuwar ƙafa. Gaskiya ta rage karkata a kwana, sai an lallaɓa ta, amma a kan busasshiyar ƙasa mai tsage-tsage tafiya take kamar jirgin ruwa. Waɗanda suka ga Muzammil a watannin nan sun shaida ba su taɓa ganinsa da fara'a haka ba.

Ruwan farko ya same su a hanyar dawowa daga kasuwa. Laka ta fara hawa tayar, ta cika gurbin yatsa ɗayan nan, ta danƙare. Da wani mai babur ne, da sai ya sauka ya sa kara ya sakace, ko ya tura. Muzammil ba shi da saukar da zai yi. Ya murɗa mata wuta, ta yi nishi ta matsa taku biyu. Ya ƙara murɗawa yana roƙonta. Ƙaurin roba ya tashi, bel ɗin da ke juya tayar ya ƙone, sannan wani abu a cikinta ya ce ƙas. Ta yi kirr sau ɗaya, ba ta kai ga na biyu ba. Ya danna maɓallin nan, ta tsaya cak da shi a cikin ruwan sama, ko a wannan hali ba ta kayar da shi ba. A haka wasu manoma biyu suka same su. Suka ce ma'alesh, wato sai haƙuri, suka kama shi ta hammata da gwiwa, suka aza shi kan karo. Ya gode musu.

Makaniki ya buɗe cikinta ya ga gidan giya ya tsage gida biyu, ya ce ko a Khartum ta da sai an sha wuya kafin a samu irinsa. Ya mayar da murfin a hankali.

Ta rasu ta bar Muzammil, da Hanaa wadda ta koma zuwa kasuwa da ƙafa, da Salwa mai shekara shida wadda ba ta taɓa ganin an ɗauki babanta ba sai ranar Talata. Ta bar Ayman a Jidda, wanda aikinsa ya tsaya tun bara, don haka kada wani ya ce a buga masa ya aiko da wata. Ta bar tayoyin gaba biyu cikin ƙoshin lafiya. Ta kuma bar faffaɗar tayar motar, ko ƙwarzane babu a jikinta, tana jingine a bayan ɗaki ba mai kula ta.

Ba za a nema mata gafara ba, don ba ta da zunubi. Masu shirin zuwa da "ai da ka ɗauki siririyar" kuma su bar ta a gida. Ya riga ya faɗa wa kansa ita fiye da sau ɗari.

Za a wanke mata laka ranar Alhamis da hantsi a ƙofar gida, a rufa mata tsohon zanen gado, a ɗauke ta zuwa garejin Suki, inda za a raba abin da ya rage na jikinta ga masu buƙata. Muzammil ba zai raka ta ba, don rakiyar sai da ɗauka, ya ce ta ranar Talata ta ishe shi. Zai sallame ta daga bakin ƙofa. An san a al'ada a tsaye ake ɗaga hannu a yi Fatiha da mai rashi, to a wannan karon ana roƙon jama'a su zauna kan tabarma tukuna, don wuyansa ya manta da ɗaga kai ya kalli mutane. Ba a yanka wa zaman makoki kwana uku ba. Duk ranar da mutum ya samu sarari ya zo, safe ko yamma, zai tarar da Muzammil a gida.